Zumunci Ya Kawo Mai Saye, Kada Ya Cinye Jari

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Runji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Caduwa da Agye har ya kai Gazawa, ya san kasuwannin da ke bakin wannan hanya, kowace da ranar cinta. Amma akwai wata kasuwa wadda matafiyi ba ya gani, ko da yake ta fi su duka yawan masu saye da sayarwa. Ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, kuma kullum ci take yi. Wannan kasuwa tana cikin gidajenmu. A nan ake matsar man gujiya, a soya ƙuli-ƙuli, a kirɓa fura, a daka dakuwar aya, a dafa daddawar batso, a yi ƙosai da waina, a saƙa tabarma da faifai, a ɗaure rago a turke don kiwon Layya.

Mai sana'a a wannan kasuwa ba ta da allo a ƙofar gida, ba ta kuma biyan gidan rediyo ya yi mata shela. Waɗanda ke tallata hajarta su ne ƙawayenta, da danginta, da dangin mijinta, da maƙwabta. Bakinsu shi ne allonta. Ra'ayinmu a nan shi ne: zumunci shi ne babban jarin mai sana'ar gida, ya fi kuɗin da ke ɗaure a bakin zanenta. Sai dai zumuncin da ke kawo mai saye shi ne kuma ke karya sana'a idan an bar shi ba ƙa'ida. Muna kira da a riƙe shi da hannu biyu, a kuma yi masa iyaka, don ya daɗe yana amfanar mai sana'a da masu saye gaba ɗaya.

Abin da ya sa sana'ar gida ta zama tilas

Dattawanmu suna tuna zamanin da gujiya, wadda maƙwabtanmu na kudu ke ce wa gyaɗa, take sarauniyar amfanin gona a ƙasar Maraɗi. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA don sayen gujiya da fitar da ita waje, kuma a shekarun 1960 babu abin da ke kawo wa Nijar kuɗin waje kamarta. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta nannaɗe ganyen gujiya a 1975, suka durƙusar da wannan ciniki. Gujiya ba ta bar gonakinmu ba. Ta dai koma hannun mata, su ne suka ci gaba da mayar da ita mai da ƙuli-ƙuli a tsakar gida.

Tun daga nan jama'a sai ƙaruwa take yi, gonaki kuwa ba sa haihuwa. Gandun da kaka ɗaya ya noma, yau jikoki da yawa ke rabonsa. Idan gona ta yi kaɗan, gamanar mace ce ake fara janyewa. A garuruwa da dama na kudancin jihar Maraɗi, matan aure matasa ba su da inda za su shuka ko tiya guda ta wake. Wadda ba ta da gamana, da me za ta sayi sabulu, ta kai gudummuwar biki, ta biya magani ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi maigida yana cin rani? Sai da sana'ar hannunta.

Haka kuma mun ga yadda abin da aka yanke a nesa ke shigowa har cikin tukunyarmu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin CFA da rabi, kayan waje suka yi tsada. A 2005 yunwa ta gallabi jiharmu, gidajen likita suka cika da yara masu tamowa. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe kan iyakarta har zuwa Disamba na 2020, sannan aka sake rufe ta a 2023. Kowane lokaci irin wannan, manyan ƴan kasuwa sukan tsaya cik, amma mai fura da mai ƙosai ba sa tsayawa, domin hatsinsu da wakensu na gida ne, masu sayensu ma na gida ne. Don haka sana'ar cikin gida ba wasa ba ce. Ita ce rumbu na biyu na iyali.

Yadda zumunci ke kawo ciniki

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Cinikin gida ma a ƙafa yake. Macen da ke zuwa barkar haihuwa, da gaisuwar mutuwa, da dubiyar marar lafiya, ita ce ake tunawa da ita ranar da ake neman mai da za a soya naman suna. Wadda ta rufe ƙofarta ga mutane, ko manta ya fi na kowa kyau, a kwalba zai tsufa. Ba muna cewa a je gidan makoki da niyyar talla ba, wannan abin kunya ne. Muna cewa wanda ake gani shi ake tunawa, kuma shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

Hanyoyin sanar da haja ta bakin mutane tsofaffi ne, iyayenmu sun san su. Na farko ɗanɗano. Wadda ta fara sana'ar dakuwa, ta aika da ƴar kaɗan gidaje biyar ko shida da ta san ana jin maganar matansu a unguwa. Gani ya kori ji, ɗanɗano kuma ya kori gani. Na biyu gyara. Ɗan abin da ake ɗora wa mai saye bayan an gama awo bai taka kara ya karya ba, amma shi ke dawo da shi gobe. Na uku dillaliya, tsohuwar da ke shiga gida gida, wadda ake ba la'ada a kan abin da ta sayar. Na huɗu sautu. Ƴar'uwar da ke aure a Yamai, ko ɗan'uwan da ke aiki a Agadas ko Arlit, kullum suna marmarin ƙuli-ƙuli da daddawar gida, kuma suna da maƙwabtan da za su ɗanɗana su ce a sayo musu.

Yau wayar salula ta ƙara wa ƙafa tsawo. Mace tana ɗakinta a Cadakori ko Gangara sai ta aika da saƙon murya ta WhatsApp ga dangin da ke birni, ta ce ta matsi sabon mai. A ba direban mota kaya, a turo kuɗi ta gidajen aika kuɗi. Amma mu lura, waya ba ta ƙirƙiro amana ba. Wanda ya san ki, ko ya san wanda ya san ki, shi ke turo kuɗinsa kafin ya ga kaya.

Manyan ƴan kasuwa ma da wannan tsani suka hau. Alhazan Maraɗi da sunansu ya kai ko'ina, da yawansu sun faro ne a matsayin barori a hannun wani ubangida. Ubangida ya ba baransa kaya ba tare da takarda ba, bara ya kai ƙauye ya sayar ya kawo kuɗi cif. In ya yi haka shekara da shekaru, sai a sallame shi da jarin kansa. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne kowa ya san ranar lissafi tana zuwa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya, ƙofofi da yawa za su rufe masa. Zumuncinsu yana da lissafi a ciki. Nan ne sana'ar matanmu ta fi yin rauni.

Inda zumunci ke zama ciwo

Ku tambayi mata goma da suka taɓa yin sana'a suka bari, ku ji abin da ya karya su. Za ku ji ana ambaton tsadar kaya da rashin lafiya, amma kalmar da za ta fi yawo a bakinsu ita ce bashi. Kuma ba baƙo ne ya ci bashin ba, domin baƙo da kuɗinsa yake zuwa. Ƙanwar miji ce ta aiko a ba ta mai kwalba guda, za ta biya ranar kasuwa. Uwar miji ce ta aiko da ƙwarya, wa zai iya ce mata ta kawo kuɗi? Ƙawa ce ta ɗauki ƙuli-ƙuli don baƙinta. Maigida ne ya ranci kuɗin ciniki don sayen taki, ya ce sai kaka. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, kaka ta zo ta wuce, mai sana'a tana jin nauyin tambaya, masu bashi kuma sun ɗauka ta yafe.

Bari mu yi lissafi a kan misali, kowa ya sa nasa farashi. Mu ɗauka mace tana da jarin jikka 10. Ta sayi gujiya, ta biya niƙa, ta sayi itace. Idan ta sayar da mai da ƙuli-ƙuli duka, za ta sami jikka 12, wato ribar jikka 2. To, amma kayan jikka 3 sun tafi bashi wurin dangi, ta kuma cire jikka 1 ta yi cefane da zaton cikin riba take ci. Abin da ya rage a hannunta jikka 8. Mako na biyu da jikka 8 za ta sayi gujiya, kayan su ba ta jikka 9 da dala 120. Bashin jikka 3 ya sake fita, cefane ya ci jikka 1, saura jikka 5 da dala 120. Idan aka maimaita haka a mako na uku ba wanda ya biya, abin da ke hannunta bai kai jikka 3 ba. Kullum tana aiki, kullum kayanta na ƙarewa, kowa na yabon manta, ga shi cikin mako 3 ta karye. Jikka 9 na kuɗinta suna gidajen mutanen da suka fi kowa ƙaunarta.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Za su ce wadda ta hana ƴar'uwarta mai yau, wa zai ba ta hatsi ranar da rumbunta ya ƙare a tsakiyar damina? Za su ce kuɗi yana ƙarewa, mutum ba ya ƙarewa. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. A ƙasar da damina ɗaya ke iya cin amanar manomi, dangi su ne madogara, kuma wanda ya sayar da zumunci don ribar dala 20 ya yi asara.

Amma mu dubi al'adarmu da kyau, mu ga ko ta taɓa cewa lissafi yana ɓata zumunci. Ranar biki, kowace ƙawa ta kawo gudummuwarta, ana ƙirgawa a gaban mutane, uwar biki tana riƙe da adadin a kanta ko a takarda. Ranar da bikin waccan ya zo, za a mayar mata har da ƙari. Babu mai cewa an yi rashin kunya don an ƙirga. Mu dubi haɓɓanaye na maƙwabtanmu Fulani: mutum ya ba ɗan'uwansa aron saniya, ya sha nono, ya riƙe abin da ta haifa bisa yadda aka shirya, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Taimako ne, amma kowa ya san uwar ba ta ci ba ce. Jarin mai sana'a shi ne uwar. A sha nono, a bar saniya da rai. Addini ma bai bar mu a duhu ba, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana.

Saboda haka wadda ta ce a biya ta kuɗinta ba ta yanke zumunci ba. Wanda ya ci ya ƙi biya har tukunyar ƴar'uwarsa ta mutu, shi ne ya yanke, kuma ya cuci kansa, domin gobe ba shi da inda zai aika a ba shi.

Darasin Mata Masu Dubara

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 1991, a nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a kan wani tsarin asusu wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashin da iyayenmu suka sani ne, aka yi masa gyara. Mata kamar 25 ko 30 da suka san juna su haɗu sau ɗaya a mako, kowace ta zuba abin da aka yanka. Kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3, kuma makullan suna hannun mata daban daban, don kada mutum ɗaya ya buɗe shi a ɓoye. Mai bukata ta ranta a gaban kowa, a faɗi ranar biya a gaban kowa. Idan zagaye ya cika, a fasa asusu a raba. Wannan dubara da aka haifa a ƙauyukanmu ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka, har ta tsallaka zuwa Asiya da Kudancin Amurka.

Mene ne sirrinta? Matan nan ƴan'uwa ne, kishiyoyi ne, surukai ne, maƙwabta ne. Nauyin da suke ji na juna a gida bai ɓace ba. Abin da ya canza shi ne an fitar da bashi daga ɗaki zuwa tsakar taro, an ba shi rana, an ba shi shaidu. Wadda ba za ta iya tambayar ƙanwar mijinta kuɗi ita kaɗai ba, ƙa'idar ƙungiya ta tambaya a madadinta. Wannan darasi muke so kowace mai sana'a ta kai shi cikin cinikinta na gida.

Ga yadda muke ganin za a yi. Da farko a raba kyauta da ciniki tun kafin a fara sayarwa. Ranar da aka matsi mai, a ware ɗan abin da za a kai wa uwar miji da na sadaka, a aika musu kafin su aiko. Wanda aka riga aka girmama da kyauta yakan ji nauyin ɗaukar bashi a kai. Abin da ya rage na ciniki ne, kuma kowa ya san haka.

Na biyu, a yi wa bashi iyaka. Kada abin da ke waje ya wuce ribar da ake sa rai a zubi ɗaya. A misalinmu na baya, iyakar ita ce jikka 2. In an kai nan, sai wani ya biya kafin wani ya ɗauka. Kuma kada a ɗora sabon bashi a kan tsoho.

Na uku, a rubuta. Suna, abin da aka ɗauka, ranar ɗauka, ranar biya. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wadda ba ta kai ga iya rubutu ba tukuna, ta sa ɗanta ko ƴarta mai zuwa makaranta, ko ta ja layi a littafi, kowane mai bashi da shafinsa da alamarsa. A rubuta a gaban mai ɗauka ko ɗan aikensa, don rubutun da aka yi a ɓoye gardama yake haifarwa. Mai waya ta nemi a aiko mata da saƙon murya, ta adana shi.

Na huɗu, kuɗin jari da kuɗin cefane kada su kwana a ƙulli ɗaya. Da an gama ciniki a fara cire uwar kuɗi a ajiye, ko a kai asusu. Abin da ya saura shi ne riba, shi ake ci.

Na biyar, a ba ƙi uzuri mai daɗi. Mai sana'ar da ta ranto jarinta daga asusu tana iya cewa: «Yaya, ki yi haƙuri, kuɗin na mata ne, ranar taro zan mayar.» Wannan gaskiya ce, kuma ba ta ɓata wa kowa rai.

Mai sayar wa danginta, lafiyar jininta take riƙe da ita

Akwai wani gefe na wannan magana wanda ya shafi lafiya. Mai saye daga wurin ƙawarsa ko ƴar'uwarsa ba ya bincike. Ya amince. Wannan amincewa amana ce, kuma masu cin abin da muka sarrafa su ne ƴaƴan ƴan'uwanmu da namu.

Mu fara da gujiya. Idan ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, takan yi fumfuna. Wannan fumfuna tana fitar da wani dafi da likitoci ke kira afalatoksin. An gano shi a 1960 a Ingila, bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu saboda cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. A 2004 a ƙasar Kenya mutane 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu. Dafin nan suya ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi. Yana lalata hanta a hankali, yana iya jawo ciwon daji na hanta, yana kuma cikin abubuwan da ke hana yara girma. Idan aka matsi mai, mafi yawansa a tunkuza yake zama, tunkuza kuwa ita ce ƙuli-ƙulin da yaranmu ke ɗauka su tafi makaranta. Maganinsa rigakafi ne. A shanya gujiya ta bushe ƙayau a kan tabarma ko leda, ban da ƙasa tsirara. A ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Kafin a kai niƙa a zauna a tsince: wadda ta yamutse, wadda ta yi baƙi ko kore, wadda ƙwaro ya huda, mai ɗaci, duk a zubar. Kada a sayi gujiya mai araha don ta lalace a ce suya za ta gyara ta. Arahar nan hantar wani ce za ta biya.

Sai wake. Mai ƙosai da mai ɗanwake su tambayi yadda aka adana waken da za su saya. Waken da aka barbaɗa wa maganin ƙwari bai dace da tukunya ba. Tun daga 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ninki 3 da ake kira PICS, wanda masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Mai sana'ar da ta sayi wakenta da kaka ta adana a irin wannan buhu ta sami araha, ta kuma sami abin faɗa wa masu sayenta da bugun ƙirji.

Sai ruwa da mazubi. Fura, kunun aya da zoɓo da ruwa ake yin su, kuma ruwa marar tsabta shi ke ɗauke da amai da gudawa. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓulla a gundumar Madarunfa a 2018 ba, da wadda ta sake zagaya jiharmu a 2021. A yi amfani da ruwan famfo ko wanda aka tafasa. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci da bayan an wanke wa yaro kashi. A rufe ƙwarya saboda ƙuda. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, ko an wanke ta sau goma, kada a zuba mata man ci.

Haka nan awo. Tiyar saye da tiyar sayarwa su zama ɗaya, kwalbar jiya ita ce ta yau. Labarin mai tauye mudu ta bakin da ya yi mata talla zai bazu, kuma ya fi saurin tafiya.

Tallar yara mata

Ba za mu rufe wannan magana ba mu taɓo farantin da ke kan ƴan matanmu ba. Mun san dalilin talla. Uwa ba ta fita, yarinya ce ƙafarta, kuma da ribar ake tara kayan ɗaki. Amma yarinyar da ta wuni a tashar mota da faranti a ka ba ta aji, wadda kuma ta kai dare a bakin hanya tana cikin haɗarin da iyaye suka sani ko da ba sa faɗi. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka a kan kare ƴa mace da ke makaranta da tallafa mata. Doka ita kaɗai ba ta sauke faranti. Abin da zai sauke shi shi ne uwa ta sami wata hanyar kai hajarta ga mai saye, kuma wannan hanya ita ce zumuncin da muke magana a kai. Mai sana'ar da ke da gidaje 15 masu saye a wurinta kullum, da dillaliya, da ɗan'uwa mai tebur a bakin kasuwa da ke ajiye mata kaya, da masu sautu ta waya, ba ta bukatar yarinya ta yi yawon neman baƙo. In ma za a aiki yarinya, a aike ta gidan da aka sani, bayan an tashi daga makaranta, rana tana sama. Ƴar da ta iya rubutu da lissafi za ta riƙe wa uwarta littafin bashi, kuma abin da za ta tsare mata a nan ya fi ribar faranti.

Kira ga magidanta da dangi

Ku kuma iyayen gida, kuna da rabo a wannan aiki. Sana'ar maiɗakinku tana rufa muku asiri fiye da yadda kuke faɗi a majalisa. Ku zama na farko wajen biya. Magidancin da ya ranci kuɗin matarsa ya mayar a ranar da ya ce, ya koya wa dukan danginsa darasi ba tare da ya buɗe baki ba. Ku sayar mata da gujiyar gandu a farashin kaka maimakon ku kai wa ɗan kasuwa. Ku ambaci hajarta ga abokanku masu shirin suna ko aure. Idan kuma ƴan'uwanku ne suka riƙe mata kuɗi, ku ne ya kamata ku yi magana, don bakinku ya fi nata sauƙin faɗa musu.

Mu kuma masu saye, dangi da ƙawaye da maƙwabta, mu gane cewa mafi girman zumuncin da za mu yi wa mai sana'a shi ne mu saya a wurinta da kuɗi a hannu, mu yabi kayanta a bayan idonta, in mun ga aibi mu faɗa mata a ɗaki. Wanda ke riƙe da kuɗin wata tun bara, kaka ce lokacin sauke nauyi, ko da kaɗan kaɗan ne, ko da da tiyar hatsi ce. Kyan alkawari cikawa. Daga Saye Sabuwa da Gidan Sori har Gazawa, babu gidan da ba ya cin albarkacin tukunyar wata mai sana'a. Mu taimaka wutar murhunta ta ci gaba da ci. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu lafiya da damina mai albarka.